Tsagar Baba Zarami

Malam Sha'aban ya shekara ashirin da biyu yana ɗaukar hoto a Azare kafin ya taɓa kwamfuta. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, tsofaffin fim ɗinsa ko ɗaya bai taɓa zubarwa ba. A 2007 ya sayo kyamarar dijital a Kano, ya ce in riƙa yi masa aikin kwamfuta, tunda ni mijin ƙanwarsa ne, ga ni da cika baki.

Kyamarar tana ajiye abin da muke kira ɗanyen hoto, wato hoto yadda ya shiga, babu gyara. Sai an bi da shi ta manhaja kafin a wanke shi a takarda. Manhaja biyu gare mu. Wadda ta zo da kyamarar akwai ta da nawa kamar tsohon jaki, amma ba ta rage komai a fuska. Tawa kuwa, da na kwafo wurin wani aboki, nan take take haska duhu, fata ta fito sumul. Kullum muna musu a kansu. Shi dai maganarsa ɗaya ce: "Bubayero, yi da wadda ka ga dama, amma kar ka goge ɗanyen."

Wata Laraba wata mai ɗinki, Hajiya Ya Gana, ta tafi da shi Katagum ya ɗauki hoton mahaifinta, Baba Zarami. Babarbare ne da ya haura tamanin, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Ɗakin da duhu, hoto uku kawai aka samu.

Na bi da su ta manhajata, na haska, na share dishi-dishin, tsoho ya yi fes. Kwamfuta ta cika, ga hotunan yaye ɗalibai suna jira, sai na goge ɗanyun, har na kan katin kyamara. Wallahi na tuna gargaɗinsa a lokacin, na ce a raina tsoron mutanen da ne kawai.

Bayan kwana tara tsohon ya rasu. Bayan sadakar bakwai Hajiya ta zo karɓar hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ina tsagarsa?"

Tsagar gadonsu ce, wadda tsufa ya riga ya dusasar. Manhajata ta ɗauke ta a matsayin datti ta shafe, ni kuma ban ko lura ba.

"Kwantar da hankalinki, muna da ɗanyen," in ji Malam Sha'aban. Ya juyo ya dube ni. Na kasa ɗaga kai, sai ya gane.

"Hajiya, ki yafe mini," ya ce. "Sakacina ne."

Bai ambaci sunana ba, ni kuma na bar shi ya ɗauki laifin. Da ma marina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Hajiya ta ce ba komai, ta sa hoton a jaka, don ba ta da wani. Yana nan rataye a ɗakinta. Jikokin da aka haifa daga baya da wannan fuskar suka san kakansu, kuma ba tasa ba ce.