Ambulan ɗin da na mayar a tasha

Fiye da rabin rayuwata a bayan sitiyari na yi ta, tsakanin tashar Kawo da Zariya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san hanya, na san mutane, kuma a ƙungiyarmu ta direbobi an shaide ni da cewa ba na taɓa abin da ba nawa ba. Na ji daɗin wannan shaida ƙwarai, har ta so ta yi mini yawa.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Har ya girma ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba. In ina son ganinsa, sai in ce da ƙannensa, "Ku ce wa wancan ya zo." Ban ɗauke shi a gaban mutane ba yana jariri, ban yabe shi ba da ya girma. Haka mahaifinmu ya yi wa yayanmu, kuma babu wanda ya ce ƙiyayya ce. Tarbiyya muke kiranta.

Yaron nan ya tashi da kai mai kyau, ya samu gurbi a jami'a a Zariya zai karanta injiniyanci. Jiharmu ta asali ta ba shi tallafin karatu. A lokacin kuma ƙungiyarmu tana da asusun da ake tara wa 'ya'yan direbobi masu zuwa jami'a. Ranar taron wata, a rumfar da ke bayan ofishin tasha, aka kira ni aka miƙo mini ambulan da sunansa a jiki.

Na miƙe a gaban kowa na mayar. Na ce an riga an ba shi daga jiha, hannu biyu haɗama ce, a ba ɗan wani. Rumfa ta ɗauka da sa albarka. Wani dattijo ya ce irina sun yi ƙaranci. Na koma gida ina jin kaina kamar na dawo daga Makka.

Abin da ban yi ba shi ne in tambayi yaron me kuɗin jiha ke biya. Yaya zan zauna da ɗan fari ina lissafin cinsa da kwanansa? Ashe rajista kawai yake ɗauka, shi ma sai zango ya yi nisa yake fitowa. Ɗaki, abinci, littattafai, duk babu. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha gaya mini yaron ya rame. Nakan ce namiji ne, ya yi haƙuri. Ya riƙa dawowa ƙarshen mako yana taya 'yan kamasho lodi don ya samu na garin kwaki. A shekara ta biyu jarrabawa ta kayar da shi, ya tattaro ya dawo. Yanzu bakanike ne a Rigachikun, yana da garejinsa da yaransa, ana yabon hannunsa. Shekaru suka wuce bai ɗaga mini maganar ba, ni ma ban ɗaga ba.

'Yarsa ta fari a wurinmu ta tashi, a Unguwar Dosa, don shi ma ya ɗauki kunyar ya ɗora mata. Ni kuwa babu kunya tsakanina da ita. Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce ba za ta auri tsohon da haƙoransa suka riga shi ritaya ba. Ranar da sunanta ya fito za ta karanta haɗa magunguna a jami'ar da ubanta ya bari, ta shigo da waya a hannu ta ce, "Tsoho, ka fara neman wata. Ni na tafi."

Na ce, "Tafi mana. Wa zai ba ki kuɗin cefane a can?"

Wasa na yi, amma tambayar ta zauna mana a tsakar gida.

Wadda ta warware mana ita ce maƙwabciyarmu, malamar sakandare, Kirista daga kudancin Kaduna. Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma ita ta fitar da 'ya'yanta daga jami'a bayan rasuwar mijinta. Ta shigo da yamma ta zauna a tabarma, ta ce yarinya za ta nemi na jiha, ta nemi na wata gidauniya da ke taimakon 'yan mata masu karatun kimiyya, sannan a ga abin da ya rage.

Na ce, "Malama, wannan ba haɗama ba ce?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Baba, ka taɓa tashi zuwa Zariya da fasinja ɗaya?"

"Sai dai shata."

"To, mu ba mu da mai ɗaukar shata. Kowa kujerarsa yake biya. Wannan ya biya rajista, wancan ya biya littattafai. Abin da ba a yi shi ne ɓoyewa. A gaya wa kowanne abin da ɗayan ya bayar. Wanda ya ce shi ba a haɗa nasa da na wani, a bar masa kayansa."

Haka aka yi. Ita da jikata suka yi ta fama da waya da gidan intanet. Ni aka aika ƙauye na karɓo takardar shaidar asali. Akwai wani kamfani da nasa ya fi tsoka, amma ya ce ba ya tarayya da kowa, kuma sai bayan an fara karatu zai yanke hukunci. Jikata ta so ta jira shi. Na ce a'a, na taɓa ganin abin da jiran hannu ɗaya ke yi. Na jiha ya fito, na gidauniya ya fito, da littattafai da farar riga ta ɗakin gwaji. Ya rage ɗakin kwana da abinci, ga shi an ce an kusa rufe rabon ɗakuna.

A nan ubanta ya tsaya. Ya zo ranar Juma'a ya zauna a bakin zaure, nesa da ni kamar yadda ya saba. Kasuwa ta yi masa nauyi a shekarar, ga ƙananan yara a makaranta. Ya yi magana yana kallon ƙasa, kamar da ƙasar yake. Ya ce in babu ɗaki a cikin makaranta, yarinya ta haƙura sai baɗi.

Na ce ai ɗalibai kan raɓa da juna.

Ya ce, "Baba, na san inda ake kwana in babu ɗaki."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Jikata tana bayan labule tana jin komai. Gurbin haɗa magunguna ba a cika samunsa sau biyu ba, duk mun san haka.

Asusun ƙungiya yana nan har yanzu, kuma dokarsa ba ta canza ba: mai nema shi zai miƙe a taro ya faɗa da bakinsa. Na aika wa ɗana cewa ya zo ya kai ni tasha ranar taro, ƙafata na ciwo. Ƙafar lafiyarta lau.

Ciyaman na yanzu yaron motata ne a da, ni na koya masa ribas. Da ya gan ni ya taso ya kama mini hannu. "Oga, ko lasin za a sabunta? Mu ba ma ba wanda ya haura tamanin."

"Ban haura ba, kuma ko yau na fi ka iya kwana."

Aka yi dariya, aka ba ni kujera. Da aka zo kan asusu na miƙe. Na faɗi abin da jiha ta ɗauka, na faɗi abin da gidauniya ta ɗauka, ban rage komai ba. Na ce ɗaki da abinci nake nema wa jikata.

Sakatare ya ce, cikin ladabi, asusun na 'ya'ya ne, ba na jikoki ba. Sai wani tsohon abokin aikina, wanda yake wurin a wancan karon, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ba kai ne ka koya mana cewa hannu biyu haɗama ce ba? Yau ga ka da uku."

Na ce ni ne, kuma ban san abin da nake faɗa ba a lokacin. Na ce ambulan ɗin da na mayar ba nawa ba ne, sunan wani ne a jiki, kuma ban tambaye shi ba. Sannan na juya wajen ƙofar rumfa, inda yake tsaye da makullin mota a hannu. Na ce, "Na ɗana ne." Na kira sunansa.

Bakina ya ji sunan baƙo, kamar na ɗanɗana abincin wata ƙasa. Yawancin 'yan rumfar mutanen gida ne, sun san nauyin kiran sunan ɗan fari. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana juya makulli.

Na ce haƙƙinsa na zo nema, a ba 'yarsa. In an ga bai dace ba, ba zan yi fushi ba, amma ba zan koma ban roƙa ba.

Abokin nawa ne ya fara magana. Ya ce shi dai a ba ta, ko don ya samu mai ba shi maganin hawan jini kyauta. Ciyaman ya tambayi jama'a, babu wanda ya ƙi. Suka sa sharaɗi: kowane ƙarshen shekara ta kawo sakamakonta, kuma in wani tallafin ya ƙaru a faɗa musu, su rage nasu su ba ɗan wani. Na ce wannan shi ne daidai, kuma ni zan riƙa kawowa da kaina.

Uban ne ya kai ta Zariya a motarsa, ni ina gaba, ita tana baya da katifa da bokiti. Ta yi ta tsokanata wai in ta fito sai ta haɗa mini maganin tsufa. Da muka wuce Rigachikun yaran garejinsa suka ɗaga mana hannu. Muka isa da hantsi, ta shiga layi, ta fito tana kaɗa makullin ɗaki a sama.

Tana can tana jera kaya, mu biyu muka tsaya a inuwar wata bishiya. Na kira sunansa, karo na biyu a rayuwata, na ce ya nuna mini inda ya riƙa kwana. Ya wuce gaba na bi shi. Ƙarƙashin matakalar wani babban ɗakin lacca ne, yanzu an tara karyayyun kujeru a wurin. Ya ce da damina ruwa kan shigo ta gefen hagu, sai ya matsa dama. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Baba," ya kama gwiwar hannuna don kada in yi tuntuɓe da ƙafar kujera.

Yanzu tana aji uku. Na jiha yakan makara har yau, amma ɗaki da abinci ba sa jiransa. Sakamakonta na bana na kai tasha da kaina, na miƙe na karanta musu, duk da sunayen darussan sun ɗan ba ni wahala. Sunan ubanta kuwa ya zauna a bakina. Shi ne dai har yanzu yakan waiga in na kira, ya duba ko da wani nake.