Baƙin Tiyon da Baba Waliu Ya Ƙi Ɗaurawa

Duk wanda ya taɓa tuƙa motar da ke aiki da man haidirolik a Kano, tifa ce ko kiren ko katafila, ya san rumfar Baba Waliu a Sabon Gari, can bayan layin masu sayar da kayan gyaran mota. Rumfar ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinta ba. Teburin ƙarfe ne da bayis, maƙalar da ke danne ƙarfe a yi aiki, a kafe a kansa, sai zarto, sai sifanu a rataye jikin ƙusoshi, sai tsofaffin gwangwanayen madara cike da kawunan tiyo. Ni sunana Sammani, direba ne. Shekara goma sha ɗaya ina kai masa aiki, kuma ina cikin waɗanda suka cuce shi.

A Fagge aka haife shi. Kakansa ne ya zo daga Ogbomosho da fatauci ya zauna, mahaifiyarsa Ramota kuma ta tsufa tana sayar da atamfa a bakin Kantin Kwari. Hausarsa ta fi tawa. Yarabanci ba ya fitowa bakinsa sai ransa ya ɓaci, shi ya sa maƙwabtansa na kasuwa duk sun iya zagi da Yarabanci. Ya koyi aiki a wani kamfanin gina tituna, a can kuma ya bar yatsa ɗaya na hannun hagu. Ya shafa tiyo ne yana neman inda yake yoyo, man ya fito ta wata huda kamar bakin allura ya shige masa tsoka. Bayan kwana uku aka yanke yatsan. Tun daga nan in ya ga mutum ya kai hannu kan tiyo inji na kunne, ko alhaji ne mai motar, sai ya daka masa tsawa a gaban yaransa.

Yawancin masu sana'arsa inji gare su. Su matse kan ƙarfe a bakin tiyo sau ɗaya, ran da tiyon ya fashe a jefar da shi da kan gaba ɗaya. Shi ya fi yarda da kai mai zare irin na noti, wanda ake kwancewa a sake ɗaurawa. Gida biyu ne. Na waje a murɗa shi a bayan tiyo ta hagu, na ciki a shafa masa mai a murɗa shi ta dama har su matse naman tiyon a tsakaninsu. Ba ya neman wuta, ba ya neman inji, don haka duk inda mota ta mutu sai ya ɗaure bayis a bayan babur ya same ta. Kuma kowane kai ya ɗaura, sai ya buga masa harafin farko na sunansa da ƙusa.

A lokacin ina tuƙa motar kwando a wani ƙaramin kamfani da ke gyaran fitilun titi da ɗaura alluna. Mota ce mai dogon hannu da ke ɗaga ma'aikaci a cikin kwando har saman falwaya. Mai shiga kwandon Chukwuma ne, ɗan Sabon Gari, mutum mai yawan waƙa in yana sama. Manajanmu kuma Akeem, injiniya, wanda gidansu ke layi ɗaya da na Baba Waliu a Fagge. A gaban Baba ya girma. Ko a kasuwa suka haɗu sai ya rusuna ya gaishe shi.

Wata Talata a Rijiyar Lemo tiyo ya fashe a sashen sama na hannun motar, Chukwuma ya maƙale a kwando cikin rana, mai yana zuba a kwalta. Na kira Akeem, na kira Baba. Ya zo, ya fara sauko da Chukwuma a hankali, sannan ya zaro tiyon. Ruwan lemo ne launinsa, ba baƙi ba irin wanda na saba gani. Fashewar a kusa da baki take, sai ya yanke wajen da zarto, ya kwance kan, ya mayar da shi a sabon bakin. Yana murɗawa yana yi mana bayani ni da Akeem. Ya ce hannun sama na wannan mota ba ƙarfe ba ne, an yi shi ne don kada wuta ta bi ta jikinsa, kuma duk tiyon da ke cikinsa babu waya a namansa, zare ne kawai. Baƙin tiyo na tifa kuwa saƙar wayar ƙarfe ce a ciki daga baki zuwa baki. Ya ce wannan ya tsufa, gyaran ba zai daɗe ba, a sa Madam Uchechi mai shagon tiyo da ke kusa da rumfarsa ta yi odar sabo daga Legas, kwana goma zai iso.

Akeem ya ce to. Bai yi odar ba.

Ranar Asabar tiyon ya sake fashewa, wannan karon a tsakiya. Ga aiki an ba kamfani wa'adin sati guda a gama. Na kai Akeem rumfar Baba da baƙin tiyo sabo a hannunsa, ya ce a ɗaura wannan na kwana goma kawai kafin na Legas ya zo. Baba ya karɓa, ya yanki ɗan bakinsa, ya nuna masa wayoyin suna ƙyalli.

"Ka ga wannan? Hanya ce kake son in shimfiɗa wa wuta daga kwando zuwa ƙasa, da mutum a tsakiya. Ba da hannuna ba."

Akeem ya yi ta lallashi. Ya ce fitilun titi ne kawai, ba za a kusanci babbar waya ba. Ya ce shi ma ya yi karatun abin nan. A nan Baba ya hau, ya koma Yarabanci, har masu shaguna suka fito kallo. Abin da na tsinta shi ne, wanda ya yi karatu ya san abin da yake yi, saboda haka laifinsa ya fi na jahili. Ya jefa masa tiyon a ƙirji.

Washegari Lahadi Akeem ya kira ni garejin kamfani. Babu kowa sai mu biyu da maigadi a bakin ƙofa. Ya kwance kawunan Baba daga tsohon tiyon. Ba su shiga bakin baƙin ba, don ba nasa ba ne, sai ya sa wuƙa ya fere robar har suka shiga da ƙyar. Ni na riƙe sifana yana murɗawa. Na ji abin da Baba ya faɗa da kunnena, sau biyu ma, amma na riƙe. Na ce a raina shi ne injiniya, ni direba ne. Da muka zura tiyon cikin hannun motar ya ɓace, ba mai ganinsa. Ba wanda ya gaya wa Chukwuma.

Kwana huɗu aka yi lafiya. A na biyar muna Kwaciri, a wani lungu da wayoyi suka yi ƙasa-ƙasa. Ina tsaye a inuwa nesa da mota ina sayen ruwa. Chukwuma ya saba da motarsa, shekara shida tana kare shi, don haka bai ji tsoron matsawa kusa ba. Hannunsa na dama na kan sandar da ke juya kwando lokacin da kafaɗarsa ta gogi waya. Na ji ƙara kamar an fasa taya, na ga hayaƙi a ƙarƙashin mota. Waƙar ta tsaya.

Bai mutu ba. Amma hannun ya ƙone tun daga tafi har gwiwa, likitoci suka ce ba zai ƙara riƙe filaya da shi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna raina yake ɓaci. Mai kamfani ya tambaya wa ya taɓa motar a ƙarshe. Akeem, ko idonsa bai ƙifta ba, ya ce wani tsoho ne a Sabon Gari yake musu tiyo, ga ma alamarsa a jikin kawunan. Aka zaro tiyon, aka ga harafin. 'Yan sanda suka je rumfa da rana tsaka suka tafi da Baba Waliu, mutum mai shekara sittin da uku, hannunsa duk mai, ba su bar shi ya wanke ba. Kafin su tafi Chidinma, matar Chukwuma, ta iso daga asibiti. Ta tsaya a gaban jama'a ta kira shi mai kisan kai, ta kifar da gwangwanayensa, kawunan tiyo suka watse a kwata. An ce mutumin da ke zagin alhazai a kan ɗan ƙaramin abu ya bar mace na zaginsa bai rama ba.

Kwana biyu yana tsare. Ni kuma kwana biyun ina gida na ce ba ni da lafiya. Madam Uchechi ce ta tara shugabannin layinsu suka je suka tsaya masa aka sake shi.

Da ya fito bai wuce gida ba, ƙofar gidanmu ya zo, da kayan da aka kama shi da su. Na fito na durƙusa zan gaishe shi, ya ce in tashi. Ya ce an nuna masa tiyon a ofishin 'yan sanda. Ya ga an fere roba da wuƙa, ya ga sifana ta cinye gefen kan saboda an murɗa ba bayis. Ya ce wannan aiki mutum ɗaya ba ya iya shi.

"Wa ya riƙe masa, Sammani?"

Na ce ni ne.

Na zaci mari ne zai biyo, da ma ya mare ni. Sai ya ce gobe ƙarfe goma mai kamfani zai zauna da kowa a gareji, in na ga dama in zo da bakina, in ban ga dama ba in zo da sifanata in taya Akeem ɗaure shi. Ya juya ya tafi.

Washegari ya zo da bayis ɗinsa a bayan babur. Ga mai kamfani, ga Akeem, ga ɗan sanda guda da ya zo da baƙin tiyon, ga Chidinma da yayan mijinta. Baba bai tsaya dogon bayani ba. Ya kafa bayis a bayan motata, ya kwance kan a gabansu, ya ɗaga bakin tiyon da aka fere kowa ya gani. Sannan ya ciro guntun tiyo mai ruwan lemo daga aljihu ya ɗaura kan a jikinsa, ya shiga sumul ba wuƙa ba dole. Ya ce kan nasa ne, bai musa ba, a Rijiyar Lemo ya ɗaura shi a kan irin wannan. Wanda ya cire shi ya kai shi inda ba gidansa ba, yana nan tsaye a wurin.

Akeem ya fara Turanci, yana cewa wannan ba hujja ba ce. Ni kuma na ji bakina ya buɗe. Na faɗi ranar, na faɗi wuƙar, na faɗi abin da Baba ya ce a rumfa ranar Asabar. Aka kira maigadi ya ce ƙwarai ya buɗe mana ƙofa ranar Lahadi. Chidinma ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale.

Kada a zaci daga nan gaskiya ta yi aikinta. Mai kamfani ya ce magana ce ta cikin gida, za a sasanta. Aka janye ƙara. Akeem aka mayar da shi wani aikinsu a wata jiha, har yau yana can ana kiransa injiniya. Ni aka sallame ni a ƙarshen wata, wai na ɓoye bayani, kuma ban ce an zalunce ni ba. Baba Waliu kuwa ba wanda ya je Sabon Gari ya tsaya inda aka kama shi ya ce ba shi ba ne. Labarin kamun ya zaga gareji-gareji, labarin wanke shi ya tsaya a garejinmu. Masu kiren biyu da suka shekara ashirin suna kawo masa aiki suka koma wajen masu inji. Ya daina zuwa gyaran motar kwando gaba ɗaya, ko ta waye.

Chidinma ita kaɗai ta koma rumfar. Ta zo da safe ta durƙusa a bakin teburin. Madam Uchechi ta ce Baba ya ɗago ta ya ce ita ba ta yi masa laifi ba, wadda aka ƙona wa miji tana da ikon yin ihu, kuskuren ƙofa kawai ta yi. Daga baya shi ya nema wa Chukwuma gurbi a layin masu kayan wuta, inda yake sayar da ƙwan fitila da soket yanzu, yana ba da canji da hannun hagu.

Bayan wata biyu Alhaja Basirat, mahaifiyar Akeem, ta shiga gidan Baba a Fagge da dattawan layi uku, a kan ya yafe wa ɗanta, don zumuncin iyaye da kakanni. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya saurare su har suka gama. Sannan ya ce kwana biyun da ya yi a tsare ya yafe, wannan nasa ne.

"Hannun kuwa ba nawa ba ne, Alhaja. Mai shi yana Sabon Gari. Ku je can, kuma ku tafi da yaron, ya faɗa da bakinsa."

Dattawan suka ce ya cika tauri. Alhaja ta je ita kaɗai, a adaidaita sahu, ta zauna da Chidinma har la'asar. Ɗanta bai je ba. Da sallar da ta wuce ya zo gida, ya hango Baba a ƙofar masallacin layinsu, ya juya ya bi ta wani lungu. Baba ya gan shi. Ya tsaya da takalmi a hannu yana kallon lungun har aka tada salla, sai da liman ya yi kabbara sannan ya shiga sahu.