Matar Da Aka Kora a Cikin Talbijin

Abin da zan faɗa ya faru a Jidda, zamanin da talbijin ya fara shiga gidajen talakawa, ina goyon ɗana na biyu. Muna zaune a unguwar Bani Malik, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Sana'ata gyaɗa ce. Da hantsi nakan ɗauki farantina in tafi kasuwar Bab Makka, in zauna kusa da masu yadi. A can nake jin labarin duniya, a can nake dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

To, mai kasa kaya a bakin hanya ba ta rabo da 'yan baladiyya, masu hana talla a titi. Da an ce "Baladiyya!" sai kowa ta yi ta kanta. Ni kuwa Allah Ya ba ni ƙafa. Faranti a ka, yaro a baya, lungu uku nake shanyewa kafin motarsu ta gama tsayawa, ko ƙwayar gyaɗa ba ta faɗi ba. Wata rana wata mai dogon baki ta gan ni, ta riga ni isa gida.

Inna ta zaunar da ni. Ta ce, "Ke 'yar nan, matar aure da gudu a titi kamar akuyar da ta ga wuƙa? Halas, magana ta ƙare. Ke da Bab Makka kun yi sallama."

Na dubi maigidana. Ya dubi takalminsa, ya ce, "Abin da Inna ta ce."

Mako uku ina gida, ina ƙirga tsagar bango. Na rame, ba don yunwa ba.

Muna da maƙwabciya, Bahausar Sudan, wadda ta yi makaranta a can. Mijinta yana aiki a tashar jirgin ruwa, shi ya fara sayen talbijin a layinmu. Lokacin zafi, in iskar teku ta yi nauyi, hoton tashar Masar yakan tsallako teku ya shigo akwatin nata. Ran nan bayan la'asar ta leƙo ta ce, "Yalla, ku zo, Masar ta zo!" Inna ba ta son kallo, amma tana son shayin matar. Muka tafi.

Hoton yana rawa, yana zubar da yayyafi. Sai ga mata a jere, sun durƙusa, hannu a ƙasa. Duk farare, sai guda ɗaya baƙa, doguwa, mai irin goshin mutanenmu.

Inna ta ajiye kofi. "Wannan ai tamu ce. Me ta yi aka gurfanar da ita?"

Kafin a ba ta amsa, wani mutum ya ɗaga bindiga sama, tau! Mata suka zabura.

"Innalillahi! Harbi! Har da harbi?" Inna ta miƙe tsaye, ita da gwiwa ke hana ta tashi ba sanda. Baƙar nan ta fice gaba, fararen suna biye. "Bin ta suke! Wayyo, dubi, har zaninta sun ƙwace, ɗan kamfai suka bar ta da shi! Gudu, 'yata! Kada ki waiwaya! Shiga lungu! Allah Ka ba ta ƙafa, Allah Ka ɗaure tasu!"

Babu lungu a wurin, fili ne fetal. Matar ta kai ƙarshe, ta tsaya tana haki, hannu a ƙugu. Fararen suka iso, ɗaya ta rungume ta.

Inna ta zube a tabarma. "Sun kama ta. Me ya tsayar da ke, baiwar Allah?"

Maƙwabciyarmu ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ta samu numfashi ta ce, "Ya Hajja, ba kora ba ce, tsere ne. Mai maganar ya ce daga Jamaika take, wani tsibiri can bayan teku. Tun tana yarinya a makaranta take gudu, yanzu ƙasarta ke sa ta a jirgin sama, daga wannan ƙasa zuwa waccan, ta je ta yi gudu ta komo. Aikinta ke nan. Ba ki ji ana tafa mata ba?"

Inna ta sake duban akwatin. Can ta ce, "Ba mai bin ta?"

"Babu."

"Ba ta goyo, ba ta ɗauke da kaya?"

"Ko allura."

"Tana da miji?"

"Wannan bai faɗa ba."

"In tana da shi, Allah Ya ba shi haƙuri. Ran da ta yi yaji, sai dai ya aika wasiƙa."

Muka fito. A hanya Inna tana tafe tana magana da kanta, ni ina baya, na san shari'ata ake yi. Na ji ta ce, "Gudun banza, duniya ta taru tana tafi." Ta ƙara taku biyu. "Ga mai gudun dalili a gidana, na zaunar da ita."

Washegari ƙamshin gyaɗa ya tashe ni. Na fito na tarar da Inna a bakin murhu, tana juya ta cikin yashi da kanta. Ba ta dube ni ba. Ta miƙo mini wani dogon wando na marigayi mijinta, ta rage masa tsawo, ta zura masa sabon mazagi.

"Sa wannan a ƙarƙashin zane," in ji ta. "'Yar Sudan ta faɗi nata, amma ni da idona na ga yadda aka bar waccan baiwar Allah. Yalla, hantsi ya yi, za a cinye miki wuri."

Na sa wandon. Ya yi mini yawa a ƙugu, na ɗaure shi sau biyu, na fita.