Fitilun Tashar Kaka

Ƙaurin wayar wutar da ta ƙone ba ya barina lafiya. Ko a kanti na ji shi, ko a gidan maƙwabta, sai raina ya ɓaci, in tuna kawuna. Allah ya ji ƙansa, amma har yau ban huce ba.

A gidan kakana na wajen uwa na tashi, a Filinge. Zamanin Nasara shi ne kuku a gidan kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Da aka sami mulkin kai, masu gidan suka tattara za su koma ƙasarsu, sai uwargidan ta bar masa akwatin wasan ɗanta. A ciki akwai ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da hanyarsa ta ƙarfe, da tasha mai jan rufi wadda aka jera wa fitilu ƙanana kamar ƙwayar wake. Abu ɗaya ne babu, taransifoma, ɗan akwatin nan da ke rage ƙarfin kuran, wato wutar lantarki, kafin ya shiga abin wasan. Mu a ƙasarmu ta Kurfai ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Duk Sallah Kaka zai shimfiɗa tabarma ya haɗa hanyar, mu yi ta tura jirgin da hannu. Fitilun kuwa ko yatsa ba ya bari mu ɗora musu. Cewa yake wata rana za mu gan su suna ci, yadda ya saba gani a gidan kumandan.

Sai fari ya zo. Gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Tabla, rumbunanmu suka zama fanko. A shekarar ce kuma yanar ido ta soma rufe idon Kaka. Ba ya gane fuska, haske kawai yake gani, shi ma kullum raguwa yake. Ya daina zancen son ganin jirgin yana tafiya. Fitilun nan kaɗai yake so ya gani a kunne kafin duhu ya gama rufe shi.

Kawu na shirin tafiya Yamai ci-rani. Kaka ya miƙa masa tashar, ya ce ya kai ta wurin masu gyaran rediyo su duba, su zaɓa masa taransifoman da ya dace da ita.

"Haba Baba, in ɗauki kayan wasan yara cikin mota a yi mini dariya? Bar ta nan, na san abin."

Bai san komai ba! Mutumin da ko batirin tocila sai an juya masa. Ya je ya zaɓi taransifoma yadda ake zaɓen ragon layya, ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya ɗauki wanda ya fi nauyi. Da ya dawo, da bakinsa ya ba mu labari yana taƙama, wai mai shagon ya tambaye shi me zai kunna da shi, ya ce masa ba ruwansa.

Lokacin babu kuran a unguwarmu, sai wani ɗan kasuwa da ke da injin wuta. Bayan la'asar na ja Kaka da sandarsa har shagonsa. Aka turo ƙofa don ɗakin ya yi duhu, aka zaunar da shi dab da tashar. Kawu ya haɗa wayoyi, ya jona. Fitilun suka yi wal gaba ɗaya, muka ji fat, sai hayaƙi.

"Sun kama?" Kaka ya tambaya. "Na ga wani abu ya wulga."

"Suna ci, Baba, ras da su," in ji Kawu, yana mintsinina don kada in buɗe baki. Wannan ƙaryar ta fi ƙona mini rai a kan ɓarnar da ya yi.

Kaka ya lalubi tashar, ya bi fitilun da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Idanuna ne sunka mutu, yaro. Hancina lahiya lau shike."

Ya miƙo mini bakin sandar, muka kama hanyar gida. Kafin damina ta zagayo ya makance ɗungurum, bai kuma sake neman akwatin ba.

Yanzu sola ta cika gari, ko ƙauye ka shiga sai ka ga fitila. Ni kuwa ko cazar waya zan saya sai na ɗauki wayar na kai shago an gwada a gabana, jikokina suna yi mini dariya. Su yi ta yi. Tashar tana wurina, fitilunta baƙi ƙirin. Wani mai gyara ya taɓa ce mini zai samo sababbi ya sa mata. Na ce ya bar su haka. Wa zai gani?