Yatsun da Dabino Ya Cinye

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Mu'azzam hannu da hannu ba ya mantawa. Sai ka ji kamar ɓawon itace ka cafka. Mutanen Al-Awali, unguwar gonakin dabino da ke gefen Madina, sun san shi da wannan hannu, sun kuma san shi da rashin zama wuri ɗaya. A tsaye yake cin abinci, shayi kuwa yana tafe yana kurɓa. Liman na sallamewa, kafin na kusa da shi ya gama shafa addu'a, shi har ya sa takalmi.

Ɗan wani ƙauye ne a gefen Dutse, inda ya koyi hawan dabino tun bai iya ɗaure wando da kyau ba. Da ya girma ya yi aure, gona ta ƙi ciyar da gida, sai ya sami bizar aiki ya taho. Ya bar matarsa Tasallah da 'yarsu Fiddausi, wadda a lokacin ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Yau ga ta tana shirin gama sakandare. Yakan je gida bayan shekara biyu ko uku, ya yi wata guda yana zagaye tsakar gida yana tambayar kwanan wata, har Tasallah ta ce ya je ya nemi abin hawa ya huta.

Kafilinsa, wato mai gonar da sunansa ke kan takardar zamansa, wani dattijo ne da kowa ke kira Ammi Sabiru. Ɗan ƙasa ne, amma kakansa da ƙafa ya zo Hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Hausar Ammi Sabiru tsohuwa ce, rabinta Larabci ya haɗiye, kuma ba ya fito da ita sai zai yi faɗa ko zai yi wasa.

A ƙarshen sanyin bana aka zo sabunta wa Mu'azzam iƙama, wato takardar zama, aka tarar fasfonsa ya kusa mutuwa. Babu fasfo mai rai, babu iƙama. Babu iƙama kuwa, sai jirgi. Mu'azzam bai ɗauki abin da zafi ba, don ya taɓa yi a baya. Ya shiga motar wani Basudane mai jigila zuwa Jidda, ya isa ofishin jakadancin ƙasarsa, ya yi zaman layi, wanda a wurinsa ya fi hawan dabino goma wuya. Aka ɗauke shi hoto. Sai ma'aikacin ya nuna masa wani ɗan gilashi mai haske ya ce ya ɗora yatsunsa.

Ya ɗora. Inji ya yi shiru. Ma'aikacin ya goge gilashin, ya ce a sake. Ya ce ya shafa yatsun a goshi su ɗauki maiƙo. Ya ce ya hura musu iska. Ya taso da kansa ya danne masa hannu. Injin nan ko gezau, kamar ba a ɗora masa komai ba.

"Malam, wane aiki kake yi?"

"Hawan dabino, ranka ya daɗe."

Mutumin ya juya tafin hannun ya duba. Kan yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali, sai tabon ƙaya nan da can.

"To ai ba ka da zanen yatsa, Malam. Dabino ya cinye. Akwai hanyar takardar likita, amma sai an aika gida an jira amsa, kafin nan iƙamarka ta daɗe da mutuwa. Shawarata, ka je ka hutar da hannun nan 'yan makonni, ka dawo mu gwada."

Mu'azzam ya so ya yi dariya, sai ya ga mutumin da gaske yake. Ran da aka ba shi ta komawa dab take da ƙarewar iƙamar. In ta ƙi a ranar, babu sauran wata rana.

Abin haushin, lokacin talƙihi ne. Shi ne lokacin da macen dabino ke tsage kwasfarta ta fito da fure, a hau a cusa mata 'yan zarruwan furen namiji a ɗaure, kafin furen ya bushe. Itacen da aka makara a kansa, shekarar nan sai dai inuwa. Ba sa kuma buɗewa tare. Wannan yau, wancan jibi, wani ma sai an hau shi sau uku. Tun da Mu'azzam ya zo gonar, wani mahaluki bai taɓa yi mata talƙihi ba sai shi.

Ammi Sabiru ya tura shi wani ƙaramin asibiti a unguwar Ƙiblatain. A can ya faɗa hannun wata nas 'yar Filifin, Musulma, mai suna Asma, gajeriyar mace mai tabarau da saurin hannu. Larabcinta irin na ma'aikata ne, gutsi-gutsi, daidai da nasa. Tana ganin yatsun ta fashe da dariya, ta ɗaga nata ta nuna masa.

"Ana sawa-sawa, sadik," in ji ta, wato ita ma haka ta sha. Bara ta je Jidda sabunta nata fasfon, bayan ta yi ta fama a waya kafin ta sami rana, ta roƙi hutu da ƙyar. Tana zuwa inji ya ƙi ta, don wankin hannu da maganin asibiti sun goge mata zanen. Sai da ta koma karo na biyu.

"Me kika sha?" Mu'azzam ya tambaya. Shi allura yake so, ko ƙwaya, abin da za a yi yau a gama yau.

"Mafi dawa. Mafi shugul." Babu magani, babu aiki. Ya shafa mai safe da yamma, ya sa safar hannu, kada ya taɓa igiya, kada ya taɓa ƙasa, kada ya taɓa sabulu mai ƙarfi. Ta ɗaga masa yatsa kamar uwa. "Inta shugul, inta ruh balad." In ya yi aiki, ya tafi gida ke nan.

Washegari Ammi Sabiru ya aro Ɗanlami daga gonar maƙwabci. Ɗanlami mutumin Maraɗi ne, sa'an Mu'azzam, mai tumbi da bakin tsiya. Yana shigowa ya tarar da gwanin Al-Awali zaune kan bulo, hannuwa sun sha man kaɗanya an cusa su cikin farar safa.

"Kai! Wa ya sa wa amarya lalle ba a gayyace mu ba?"

Daga ranar sunan ya bi shi. Mai kawo taki ma sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Ina kwana, amarya?"

Tsokanar ba ta dame shi ba kamar zaman. Ya zauna, ya tashi. Ya je ƙofa, ya dawo. Ya bi layin ruwa har ƙarshen gona yana duban bututun da ba shi da ikon taɓawa. Ya taka har masallacin Ƙuba ya dawo, rana ko tsaka ba ta yi ba. Daga ƙarshe sai ya tare a gindin duk itacen da Ɗanlami ya hau, hannuwa a sama kamar mai kore kaji, yana ba da umarni.

"Ba nan ba! Ta gabas ta buɗe! Zarruwa biyar take ci, wannan, kada ka yi mata rowa!"

"Malam Mu'azzam," Ɗanlami ya amso daga sama, "dabinon nan da Hausa kake masa magana, ko kuwa ni ne ban san aikina ba?"

Gaskiyar da ta fi ci masa rai ita ce Ɗanlami ya san aikinsa. Duk tumbin nan, yana ɗaura igiya sai ka ga ya haye kamar ƙadangare. Ɗaurinsa tsaf, ba ya karya zarru. Mu'azzam ya yi ta neman kuskure bai samu ba. Wata yamma ya ji Ammi Sabiru yana cewa, "Masha Allah, ya Ɗanlami, hannunka da albarka." Ashe in inji ya sake ƙin sa, gonar ko atishawa ba za ta yi ba.

Kwana biyu bayan haka, wata tsohuwar bishiyar dabinon ajwa da ke lungun katanga ta buɗe, ran da aka kira Ɗanlami gonarsu. Mu'azzam ya zagaye ta ya fi a ƙirga. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama. Ya zare safa da haƙori, ya ɗauko igiya ya zarga a ƙugu. Ƙafarsa ɗaya na kan kututture ya ji murya a bayansa.

"Ya waladi, ɗana." Ammi Sabiru ne, dogare da sanda. "Hau. Bismillah, hau. Amma wallahi kana saukowa jirgi za ka hau bayanta."

"Ammi, za ta bushe."

"Ta bushe. Baɗi ta sake yi. Kai in ka tafi, wa zai sake mini kai? Inzil, sauko."

Ya sauke ƙafar. Ya mayar da safa yana huci, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Rabon da ya ji kuka ya taso masa haka tun rasuwar mahaifinsa.

Da yamma yakan kira gida ya sauke wa Tasallah kayan haushinsa: inji, Ɗanlami, man kaɗanya, cin shinkafa da cokali kamar Bature. Ita kuwa ta saurara, ta tambayi hannu, ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, Baban Fiddausi."

"Ke kullum ya zaɓa, ya zaɓa! Ki ce Allah ya sa injin ya karɓa mana!"

"To, Allah ya zaɓa," in ji ta. Sai ya yi tsaki ya koma kan zancen Ɗanlami.

Ana gobe tafiya ya koma wurin Asma. Ta jawo fitila ta duƙa a kan yatsun, tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta yi laushi har shi kansa yana jin kunyarta, kuma ga wasu siraran layuka sun fara tasowa.

"Fi shuwayya," ta ce. Akwai ɗan kaɗan. Ta ce ya sha ruwa da yawa, kada ya danna da ƙarfi, ya ɗora kawai. Tana wanke hannu ta ƙara da cewa nata fasfon na uku ke nan a ƙasar nan. Na farko, ɗanta yana goye. Yanzu ya fi ta tsawo, in ta kira shi sai ya ce yana da karatu. Ta yi 'yar dariya ta ɗaga murya ta kira na gaba. Mu'azzam ya yi godiya ya fita, hankalinsa na kan motar Basudane.

A Jidda ma'aikacin nan ya gane shi. "Mai dabino! Kawo mu gani." Mu'azzam ya yi bisimilla ya ɗora. Inji ya yi jim, sannan ya yi ƙara. Ya karɓi na dama. Na hagu ya yi gardama a kan babban yatsa, aka goge, aka sake, ya karɓa. Ma'aikacin ya ce shi ke nan, za a kira shi in fasfo ya fito, kuma zai riski iƙamarsa da yardar Allah.

Bai san sa'ad da ya fito titi ba. Ya cusa safar nan a kwandon shara, ya lalubo waya yana dariya shi kaɗai.

"Tasallah! Ya karɓa! Duka goma! Shekara biyar cur, babu mai taɓa ni!"

Sai kukan akuya yake ji daga can, da ƙarar taɓarya a maƙwabta.

"Kina ji na kuwa?"

"Ina ji. Alhamdu lillahi." Muryarta ta yi ƙasa. "Barka."

"Wannan wace irin barka ce kamar an yi mutuwa?"

Ta yi ajiyar zuciya. "Baban Fiddausi, ka yafe mini. Tun ran da ka ce injin ya ƙi ka, na sa aka kwashe geron da ke ɗakinka. Aka yi yaɓe, aka gyara rufi. Fiddausi ta ɗinka labule da hannunta. Ni dai ban taɓa roƙon ya karɓa ba, ko sau ɗaya. Na ce ko wannan karon Allah ya dawo mana da kai."

Kunya ta rufe Mu'azzam, da wani baƙin ciki da bai shirya masa ba. Duk makonnin nan yana kiranta kullum, bai taɓa tambayar abin da take so ba. Can tsallaken titi Basudane yana danna masa hon, fasinjoji sun cika.

"Tasallah…"

"Ba komai," ta ce. "Je ka, kada mota ta bar ka. Gobe sai a mayar da geron."