Bargon da Na Bari a Kasuwar Gwanjo

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Ulaisha, ni da abokina Badamagare, kowa da jaka a baya kamar sababbin 'yan cirani. Wani direba ɗan Maraɗi ne ya rage mana hanya zuwa inda kwalta ta ƙare, yamma da Riyad. Daga nan ƙafa ce ta kwanaki, har bakin dutsen Tuwaiƙ, inda ake cewa ƙasa ta yanke.

Masu tambayar me ya kai tsofaffin leburori daji a tsakiyar sanyi, ga amsa. Huruj ɗin abokina ya fito, wato komawa gida ba dawowa. Duk shekarun da muka yi muna ɗaukar bulo, ban da Makka da Madina, bai san komai a ƙasar nan ba sai siminti da cunkoson kasuwar Batha. Ya ce yana so ya tsaya a bakin dutsen nan a ɗauke shi hoto, ya samu abin nuna wa 'ya'yansa. Iyakar burinsa ke nan. Na ce shirin kaya a bar mini.

Ni kunama ta taɓa harbina ina yaro, na rantse ba na kwana a ƙasa a daji. Shi ya sa na nemi gadon lilo, wato ƙyallen nan da ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu. Na samu guda biyu a kasuwar gwanjo, wurin wani Bangali mai sayen kayan Turawan da suka gama aiki. Kuma na yi wa kayan nan hidima, kada wani ya ce ban yi ba. Na cire siraran igiyoyinsu na sa bel ɗin ɗaure kayan mota, don bishiyoyin can duk ƙaya ne. Na yanko tamfol a wurin aiki na yi mana rumfa. Ranar Juma'a na hau rufin gidanmu, na ɗaura tsakanin ƙarfen tankin ruwa da na dish, na kwanta har da minshari. Sai dai da rana na gwada, rana tana dukan bayana.

Tun a kasuwa Bangalin ya ɗago wani abu kamar bargo, ba zif, da igiyoyin roba a kusurwoyinsa. Ya ce, "Sadik," wato aboki, "wannan ta ƙasan lilon ake ratayawa. Lazim, dole ne." Na ce a raina, tun da aka haife ni bargo sama ake rufawa, wannan so yake ya ƙara mini riyal. Na jefa masa abinsa, na je Batha na sayo manyan barguna masu hoton damisa, kowanne nauyinsa kamar rabin buhun siminti.

A hanya mun karya da burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, a shagon wani Ba'afgane, zafi har yana ƙona yatsa. A gidan mai na ƙarshe ruwan gora ya kusa ninka farashinsa na gari, mai shagon ko kunya. A shingen bincike ɗan sanda ya duba iƙamarmu, wato katin izinin zama, ya dubi jakunkuna, ya tambaya ina raƙuminmu.

Dajin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kwari ne mai tsakuwa, da bishiyoyin talha masu kama da farar ƙayarmu. Wasu Larabawa da suka fito shan iska da manyan motoci suka tsayar da mu, suka ba mu gahawa da dabino, suna ta tambayar inda motarmu ta lalace. Ba su yarda mutum mai hankali zai taka da ƙafa don ra'ayi ba.

Kwanan farko ya nuna mini abin da Bangalin yake nufi. Sama ɗumi, ƙasa ƙanƙara. Iska tana bi ta ƙarƙashin lilon tana lasar bayanka, bargon da ka kwanta a kai kuma nauyinka ya matse shi ya zama banza. Da gari ya waye abokina ya leƙo da kai, ya ce, "Bakano, don ka rage riyal ka rataye ni kamar nama a firji?"

Na ce, "Kai dai Badamagare ba ka iya kwanciyar masu kuɗi ba."

Muka yi dariya, amma tasa da tari ta ƙare. Dama siminti ya riga ya ci ƙirjinsa. Ya ce mu riƙa kwana a ƙasa kusa da wuta. Na ce kunama fa? Na shimfiɗa masa dadduma a cikin lilon, na ce ta isa. Duk tafiyar nan, wallahi, ko kunama ɗaya ban gani ba. Sanyi ya kore su, mu ne bai kora ba.

Muka haura tudu, bishiya ta yi ƙaranci, iska ta ƙaru. Safiyar da ya kamata mu isa, abokina ya kasa saukowa daga lilo. Jikinsa zafi rau, ƙirjinsa yana fito. Ga bakin dutsen can muna hangowa, tafiyar da ba ta wuce zuwa azahar ba. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗauke ni a nan, Malam. Ka sa dutsen ya fito."

Wani Basudane mai kiwon raƙuma ne ya kwaso mu a bayan motarsa, tare da buhunan dusa, har bakin titi. Kwanakin da suka rage wa abokina a Riyad a gadon asibiti ya yi su, ana ƙara masa ruwa. Daga can sai filin jirgi. Ko sau ɗaya bai ɗora mini laifi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na dawo Ulaisha ɗaki ya yi mini faɗi. Na koma wurin Bangalin, bargon yana nan inda na jefar. Na saya ko tayawa ban yi ba, ga shi rataye a ƙusa.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Ka gwada kayanka a irin sanyin da za ka kwana cikinsa, kuma ba duk mai sayarwa ne yake son cutarka ba. Jiya abokina ya turo mini hoton daga Damagaram, ya ce yara sun gani. Shi ne a naɗe cikin bargon damisa, yana ƙoƙarin murmushi. Dutsen yana bayansa, siriri kamar zare. Sai ka san yana wurin za ka gan shi.