Injin Babanmu

Kawu ya fi shekara talatin yana kanikanci, kuma da kunne yake aiki. Mota na shigowa gareji zai ce, "Kashe ta, na ji ciwonta." Da motoci masu kwamfuta suka cika gari, sai kunnen nasa ya rasa kasuwa. Yini yake a benci yana goge sifanar da ba ta yi datti ba.

A lungun garejin akwai injin tsohuwar motar babanmu, lulluɓe da tamfol tun rasuwarsa shekara shida da suka wuce. Duk wata Kawu kan ɗiga masa mai, ya juya shi da hannu.

Da injin 'yar ƙaramar motata ya buga, ya ce, "Kawo ta, ɗana. Na mahaifinka yana nan da ransa."

Sati uku ya yi yana yanka ƙarfe yana walda, don injin ya fi wurin girma. Murfin gaba ya ƙi rufuwa daidai, amma mota ta tashi, da wannan gurnani mai kama da tari da muka sani tun muna yara.

Muka nufi gida tare. Ina tsayawa a ƙofa Mama ta fito da sauri, hannu duk kumfar sabulu, tana gyara ɗankwali, da murmushin da rabona da shi shekara shida. Sai ta ga mu ne. Ta juya ciki, ko sannu ba ta ce ba.

Kawu ya daɗe yana kallon ƙofar da ƙanwarsa ta shige.

"Gobe ka dawo da ita," ya ce. "In cire."